Dajin Jami'a Da Hukuncinsa A Musulunci

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya saukar da ruwa, ya fitar da tsirrai domin amfanin mutane da dabbobinsu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, maganar wannan mako ta shafi wata dukiya wadda mutane da yawa ba su lissafa ta cikin dukiya, watau dazuzzuka da gandayen itatuwa da ke cikin filayen jami'o'in ƙasar nan. Akan sami mutum mai salla da azumi, wanda ko allurar maƙwabcinsa ba ya ɗauka sai da izini, amma idan dare ya yi sai ya saɓa gatari ya tsallake shingen jami'a, ya kayar da ƙirya ya ƙona gawayi, ya kwana da zuciyarsa sakayau, domin a ganinsa kayan gwamnati ba su da mai su. Akan sami ma'aikaci wanda ba zai taɓa kuɗin masallaci ba, amma ya kau da kai a sare kurmin da aka ba shi tsaro, ko kuma ya sa hannu a yayyanka shi filoti-filoti. Ga kuma talakawan ƙauyukan kewaye, waɗanda kakanninsu suka yi noma da kiwo a wurin tun ba a san za a yi jami'a ba, suna tambayar laifin da suka yi har za a hana su itacen dafa tuwo. Shari'a tana da magana a kan kowane ɗaya daga cikin mutanen nan uku.

Abin da ake tsarewa

Da farko ya kamata a san amfanin abin da ake magana a kansa, gama malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimce shi. A ɗauki misali da Samaru ta ƙasar Zazzau. Tun shekarar 1922 aka fara binciken aikin gona a wurin, sa'an nan a 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, ta gaji wannan aiki da filayensa. Ruwan sama na wannan yanki bai wuce kimanin milimita 1,000 a shekara ba, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin watan Mayu da na Oktoba. Sauran watannin kuwa sai abin da ƙasa ta ajiye. Jami'ar tana shan ruwa daga madatsar da aka yi a kan rafin Kubanni a tsakiyar shekarun 1970, rafin da ke ratsa Zariya ya faɗa Galma.

To, dangantakar wannan ruwa da itatuwa a fili take. Idan ruwan sama ya sauka a kan daji, ganye ne ke fara tare ƙarfinsa, busasshen ganyen da ke ƙasa ya riƙe shi, saiwoyi kuma su buɗe masa hanya ya nutse a hankali, ya riƙa tsattsafowa cikin rafi da rijiyoyi har tsakiyar rani. Idan kuwa an sare dajin, ruwan sai ya bugi ƙasa tsirara, ya kwashi yashi da taɓo ya gangara da su. Wurin da ya bi ya zama kwazazzabo, abin da ya kwaso kuma ya zauna a gindin madatsa, zurfinta ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Ashe wanda ya kayar da itace a bakin rafi ya taɓa abin shan dubban ɗalibai da marasa lafiya da masu alwala, ko da bai taɓa ganin fuskar ɗaya daga cikinsu ba.

Bayan ruwa akwai ilmi. Tun 1963 aka buɗe sashen koyar da aikin daji a Jami'ar Ibadan, daga baya wasu jami'o'i suka bi sahu, kuma babu yadda za a koyi wannan fanni a kan allo kawai. Malami yakan sa wa itace lamba, ya auna kaurinsa da tsawonsa kowace shekara, ya bar littafin ga wanda ya gaje shi, domin a gane irin da ya dace da wace ƙasa, da shekarun da yake yi kafin ya isa sara. Mai gatari yana iya rushe aikin shekara talatin kafin fitowar rana. Har ila yau, a wurare da yawa noma da gine-gine sun cinye dajin da ke waje, sai a cikin shingen irin waɗannan makarantu ake samun ragowar doka da maje da marke da maɗaci da kanya da ɗinya masu ba da iri. Wanda ya ga abin da ya sami madobiya zai gane haɗarin. An yi ta sare ta ana fitarwa zuwa ƙasar Sin, har a 2017 aka shigar da ita cikin jerin itatuwan da duniya ta sa wa cinikinsu takunkumi.

Asalin keɓe daji a shari'a

Wani zai ce, ai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya nuna mutane suna tarayya a cikin ruwa da ciyawa da wuta, to ina dalilin kewaye daji a hana jama'a? Amsa ita ce, wanda ya zo da wannan hukunci shi ne kuma ya fara keɓe wuri domin maslahar jama'a. Larabawa suna kiran irin wannan wuri hima. A zamanin jahiliyya, idan babban mutum ya sauka wuri mai ciyawa, yakan hau tudu ya sa karensa ya yi haushi, iyakar inda aka ji haushin ya zama nasa shi kaɗai, sa'an nan kuma ya yi tarayya da mutane a sauran dajin. Musulunci ya rushe wannan zalunci, ya bar hima guda ɗaya, wadda shugaba zai keɓe domin amfanin al'umma. Buhari ya kawo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wani wuri da ake kira Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma, Allah ya yarda da shi, ya keɓe Sharaf da Rabaza. Haka nan an haramta sare itatuwan Madina da farautar namun dajinta tsakanin duwatsun Airu da Sauru, kamar yadda aka haramta na Makka.

Malaman Malikiyya sun ba wannan babi haƙƙinsa. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu an nuna cewa kowane gari yana da hariminsa, watau wurin da mutanensa ke samun itace da kiwo, wanda za a je a dawo a yini guda, kuma ba mai ikon mallake shi shi kaɗai. Wannan shi ne hurumin da Hausawa suka sani a bayan gari. An kuma gindaya wa hima sharuɗɗa: shugaba ne zai keɓe ta, a kan bukata ta gaskiya, gwargwadon da ba zai ƙuntata wa mutane ba, domin maslahar da ta game kowa. Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum a kan hanyoyin keɓanta da mataccen fili, mai suna Ta'alimur Radi. Saboda haka tsare daji ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo tare da malamin daji. Yana cikin littattafan da ake karantawa a zaure tun kafin zuwansu.

Idan aka auna dajin jami'a da wannan ma'auni, za a ga hima ce ingantacciya muddin ana amfani da ita ga abin da aka keɓe ta dominsa. Ilmin da ake fitarwa daga cikinta, da irin itatuwa, da ruwan da take tsarewa, duk na jama'a ne. Ko dokar filaye ta 1978 da kalmar amana ta siffanta riƙon da hukuma ke yi wa ƙasa.

Wasiyyar Umar ga mai gadi

Amma akwai wani labari da ya kamata kowane shugaban jami'a ya sani, wanda Imamu Malik ya kawo a ƙarshen Muwaɗɗa, Buhari ma ya ruwaito shi. Sayyidina Umar ya naɗa wani baransa mai suna Hunayyu ya kula da hima, ya yi masa wasiyya da ya sassauta wa mutane, ya kuma ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya umarce shi ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya yi hattara da garkunan Abdurrahman ɗan Aufu da Usman ɗan Affan. Dalilinsa shi ne, waɗannan biyu idan dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabinai da za su koma gare su, talaka kuwa idan nasa sun halaka sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba yana kuka, kuma ba shi ciyawa da ruwa ya fi sauƙi a kan ba shi zinariya da azurfa. Bai tsaya nan ba. Ya yarda a fili cewa mutanen wurin suna ganin an zalunce su, domin ƙasarsu ce tun kafin Musulunci, a kanta kuma suka musulunta, ya rantse cewa ba domin dabbobin da ake hawa saboda Allah ba, da ko taki ɗaya bai keɓe ba.

A dubi wannan adalci. Sahabbai biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, su ne aka ce a tsare wa ƙofa, aka buɗe ta ga matalauci. Sau da yawa abin da ake gani a zamanin nan kishiyar haka ne: a kama tsohuwa da ɗan ƙunshin ƙirare a ƙwace mata igiya, mota cike da gungume kuwa ta fita ta babbar ƙofa da takarda a hannun direba. Dajin da ake tsarewa ta wannan hanya ba ya daɗewa, domin maƙwabtansa sun zama abokan gabansa, kuma babu yawan masu gadin da za su iya tsare daji daga mutanen da ke kwana a gefensa.

Saboda haka wajibi ne hukumar jami'a ta san cewa filin da ke hannunta yana da tarihi, kuma maƙwabta suna da haƙƙi. Ta zauna da dagatai da masu unguwanni da ardon Fulani da limamai, a yanke ranakun da mata za su shiga ɗibar busasshen itace, da lokacin tsintar kaɗe da ɗorawa, da wurin da za a yanki ciyawa, da burtalin da shanu za su bi zuwa mashaya. Ko a haramin Makka, da Abbas ya roƙi a togace ciyawar izhir saboda bukatar maƙera da gidaje, an togace masa ita. Idan za a ɗauki masu gadi da masu renon dashe, a fara da 'ya'yan ƙauyen. Filin da aka karɓa kuwa aka bar shi ba bincike ba dashe, har wata rana aka raba wa manya, ya fita daga hukuncin hima ya koma irin ta mai kare.

Wanda ya ce kayan gwamnati ne

Shi kuma mai sara da dare, da mai sayen gawayinsa yana sane, da ma'aikacin da aka toshe wa baki, sai su tuna cewa cin dukiyar jama'a a ɓoye shi ne gululu, wanda aya ta 161 ta Suratu Ali Imrana ta yi gargaɗi cewa mai yin sa zai zo da abin da ya ci ranar alƙiyama. Bayan yaƙin Haibara an kashe wani bawa da ke yi wa Annabi hidima, mutane suka yi ta yi masa murnar shahada, sai aka sanar da su cewa mayafi guda da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. To, in mayafi ya kai haka, ina ga maɗacin da ya shekara hamsin? Wanda ya ci haƙƙin mutum ɗaya ya san ƙofar da zai je neman gafara. Wanda ya ci na al'umma kuwa, har da waɗanda ba a haifa ba, wa zai je ya roƙa?

Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan sare magarya, ya kuma yi bayani cewa ana nufin wadda ke cikin daji, matafiya da dabbobi suna shan inuwarta, mutum ya sare ta da ganganci ba da wani haƙƙi ba. Sayyidina Abubakar, da zai tura runduna Sham, ya hana su sare itace mai 'ya'ya, alhali kuwa yaƙi za su a ƙasar abokan gaba. Aya ta 205 ta Suratul Baƙara ta lissafa halaka shuka da dabbobi cikin ayyukan maɓarnaci. Lalle gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, musamman tun 2023 da aka janye tallafin man fetur, gidaje da yawa kuma sun koma ga itace da gawayi. Shari'a tana yi wa mai lalura rangwame gwargwadon lalurarsa. Amma mai loda buhunan gawayi a mota zuwa birni ɗan kasuwa ne, hukuncin mai lalura bai hau kansa ba. Haka mai cinna wa daji wuta domin gafiya guda, ya ƙone dashen shekara biyar, babu uzurin da zai kawo.

A tsare asali, a ci amfani

Tsare daji ba ya nufin a kulle shi har itatuwa su tsufa su ruɓe. Ƙa'idar tana cikin wakafin farko da aka sani a Musulunci. Da Umar ya sami gona a Haibara, wadda bai taɓa mallakar kamarta ba, ya nemi shawarar Annabi, sai aka nuna masa ya tsare asalinta, ba sayarwa ba kyauta ba gado, ya yi sadaka da amfaninta. Abin da masanan daji ke koyarwa ke nan: kada abin da ake cirewa a shekara ya wuce abin da dajin ke ƙarawa a shekara. Idan jami'a tana da gandun turare ko darbejiya, sai a raba shi kashi-kashi, a sare kashi ɗaya bana a bar kututturen ya yi toho, kafin a zagayo kansa ya sake isa sara. Daga nan za a sami itacen girki da turaku da azara da za a sayar wa maƙwabta da rahusa, kurmin asali da na bakin rafi kuwa a bar su ba a taɓawa. Kuɗin da aka samu a rubuta shi, a mai da rabonsa ga dajin, gama Suratun Nisa'i, aya ta 58, ta yi umarni da mai da amana ga masu ita.

Rayar da abin da ya mutu

Inda ɓarna ta riga ta auku, gyara ya zama wajibi, kuma yana da hanyoyi sanannu. Kowace shekara akan yi bikin dashen itatuwa, manya su dasa a yi tafi a watse, kafin kaka awaki sun cinye. Dashe yana bukatar a yi shi da farkon damina sa'ad da ƙasa ta jiƙu, a kewaye shi da ƙaya, a ba shi ruwa a ranin farko, a share iyakar gandun tun kafin ciyawa ta bushe domin kada gobara ta tsallako. A kuma fifita itatuwan ƙasa, ko da suna da jinkiri. Kaɗanya takan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta yi 'ya'ya, wanda ya dasa ta sau da yawa ba shi ne zai sha man ba. Wannan kuwa shi ne ainihin sadaka mai gudana. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi, ana rubuta masa ladan sadaka. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito umarnin cewa wanda tashin alƙiyama ya riska da ɗan dabino a hannunsa, in yana da iko ya dasa shi.

Akwai darasi kuma daga manoman ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980, sun koma ga abin da suke kira sassabin zamani. Maimakon su tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, sai su zaɓi masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran, su kiyaye su daga wuta da dabbobi. Da yake saiwar tana nan da ranta a ƙasa, itacen yakan tashi da sauri fiye da dashe. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an rayar da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da gawo da kalgo da sauransu. Abin da talaka ya yi da lauje da haƙuri, bai kamata ya gagari makarantar da ke da shaihunan malamai ba. Jihohi 11 na arewacin Nijeriya suna cikin shirin ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin tare hamada, kuma daga irin waɗannan makarantu ne ake sa ran samun iri da ƙwararru.

Aikin kowa

Nauyin ya rabu a kan kowa gwargwadon matsayinsa. Shugabannin jami'a su shata iyakar dajinsu a rubuce, kada sabon gini ya ci shi sai bayan shawara da musanya. Limaman masallatan jami'a da na ƙauyuka su sa wannan magana cikin huɗuba, domin mutane da yawa ba su taɓa jin cewa sare itacen hukuma zunubi ne ba. Ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi su ɗauki yanki su dasa, su reni abin da suka dasa har su gama karatu, su miƙa wa na bayansu. Masu hali su sani cewa rijiyar ban ruwan dashe da wurin renon itatuwa suna cikin abin da ake yin wakafi da shi. Aya ta 61 ta Suratu Hudu ta nuna cewa daga ƙasa aka halicci mutum, aka kuma ɗora masa rayar da ita. Kowa za a tambaye shi abin da ya yi da rabon da aka ba shi kiwo.

Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya wadata talakawa da halal, ya saukar da ruwa mai albarka, ya kiyaye ƙasa daga fari da hamada. Allah shi ne mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.